Gyara a Gefen Shafi

…kuma duk littattafan da ke gidan nan a ce wannan ta ɗauko? Wannan ɗin? Aminat, Aminat, Allah ya shirya min ke. Ga kantar Baba maƙare har rufi, na fiƙihu, na nahawu, na tarihi, amma yarinyar nan ta zura hannu a jakata ta zaro nawa. Wai Larabcin kakanta babu wasali, ba za ta iya ba. Wai shi ya ce ta karanta masa ko me ta samu, zaman shiru ya ishe shi. To ta samu. Ta samo littafin da uwarta ta rubuta a ɓoye, ta liƙa masa sunan wata Turai Lawal da ba a taɓa haifa ba.

Yau kwana huɗu ke nan. Ga ni a tsakar gidanmu na Gwammaja, bayana jingine da bangon soro, takardun jarrabawar 'yan aji uku a cinyata, guda arba'in da bakwai, tun azahar shida na gyara. Shida! Ni Kulu, da nake cinye aji guda kafin shayi ya huce. Ina jan biro zai tafi, kunnena yana cikin soro?

Shi kuwa yana can kan kujerar roba, baƙin tabarau a fuska kamar direban tirela. An cire masa yanar ido ranar Litinin waccan, likita ya ce sati biyu babu duba littafi, babu sunkuyo, sallah ma a zaune. Malam Maharazu babu littafi! Mutumin da shekara hamsin bai taɓa yin mako babu ɗalibai a gabansa ba. Na ɗauko hutun kwana goma na dawo gida jinya, na taho da 'yata ta taya ni. Ta taya ni kuwa, ba shakka.

Babi na takwas suke. Na tara yana nan tafe — shafi goma sha ɗaya ya rage, na ƙirga, na sake ƙirgawa — kuma a na tara ne yake. Shi da kansa. Na canza masa suna, na ƙara masa tsawo, na mayar da gidan wata unguwa, amma ko makaho ya shafa ya san Baba ne. Uban da ya ƙwace littafin 'yarsa ya jefa a wuta. In ya gane fa? In ya gane 'yar da ya hana rubuta tatsuniya ta yi shekara goma sha biyu tana yi a bayan idonsa, har ta sa shi a ciki, ta raba wa duniya?

Tsaya. Dariya yake yi. Wallahi dariya yake yi! Irin wadda take fara masa daga ciki, sai kafaɗa ta ɗauka, sai tari ya biyo baya. Yaushe rabon da na ji ta? Tun Inna tana da rai. Inna, kina ji? Mijinki ne yake ƙyaƙyata dariya a kan tsohuwar da ta kai kazarta ƙara wurin mai unguwa, ni na ƙirƙiro ta, a kan teburin ofishin malamai, ranar da aka yi ruwan nan da ya hana mu tashi. Likita bai ce kada ya yi dariya ba, ko? Ya ce kada ya yi atishawa da ƙarfi. Dariya dai bai ambata ba.

Kuma ba saurare kawai yake yi ba, a'a, ai Baba bai iya saurare kawai ba. Karatun soro ya mayar da shi. Yadda yake yi wa ɗalibansa: a karanto jimla, ya ce tsaya, ya yi bayani, a ce na'am, a ci gaba. Haka yake yi wa labarina, jimla-jimla, kamar wani babban littafin shari'a. Kuma kullum kafin a buɗe sai ya ɗaga hannu yadda ya saba, ya ce Allah ya ji ƙan mawallafi. Ya ji ƙaina! Ina nan da raina ina yanka kuɓewa, ubana yana nema min rahamar kabari. Ita kuma ja'irar sai ta ɗaga murya ta ce amin, har da jan ta, don dai na ji. To amin ɗin. Wa ya ƙi jin ƙai, da rai ko ba rai?

Shekaranjiya ne ya kusa kashe ni. An zo inda Larai, yarinyar cikin labarin, take alwala a bakin rijiya, na bi gaɓa-gaɓa ban tsallake komai ba. Sai na ji ya ce tsaya. Ya ce wannan marubuciyar ta san alwala, ta yi karatu wurin malamin kirki. Sai da na cusa gyale a baki. Malamin kirki! Yabon kai jahilci ne, Baba, amma wannan karon ba da saninka ba ne, an yafe maka.

…takarda ta bakwai. Wace ce wannan? Rubutu kamar kaza ta bi ta kan tawada. "Kawo ma'anar karin magana." Ta rubuta: magana ce da ake ƙarawa. Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan, ga rabin maki don ƙoƙari —

Saura shafi tara.

Shekarata goma sha huɗu. Littafin rubutu ne mai bango shuɗi, mai shafi sittin, na cika shi taf da labarin wata yarinya da ta haƙa rami a gindin Dala ta ɓulla Makka. Ƙarƙashin katifa nake ajiye shi. Ranar wata Alhamis na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da shi a hannun Baba, a tsaye, nan daidai inda turmin can yake. Bai yi tsawa ba, ina ma ya yi. Cewa ya yi alƙalami amana ne, Kulu, duk abin da ya zubar sai an tambaye ki, me za ki ce ranar da aka tambaye ki wannan ƙaryar? Ya juya ya nufi bayan ɗaki inda murhu yake. Na ruga na faɗa kan gadon Inna na toshe kai da matashi, amma hanci ba ya toshuwa. Ƙaurin takarda. Har yau in ɗalibai suna ƙona shara a bayan aji sai na canza hanya.

Ƙauri — miyata! Wayyo, miyar kuɓewa… a'a, ba ta kama ba, gawayi ne ya yi yawa a kurfoti. Rage wuta, ƙara ruwa kaɗan. Ba ya son ta da kauri yanzu. Ƙarfe biyar a ɗiga masa magani, kada na manta, ɗigo ɗaya a idon dama.

Ji muryarta don Allah. Ji yadda take tafiya sumul, tana tsayawa inda waƙafi yake, tana canza murya in tsohuwa ce ke magana. Wannan ce Aminat ɗin da ta kai aji uku na firamare ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba? 'Yar malamar Hausa guda! Kunya kamar na nutse. Na koyar da 'ya'yan mutane ɗari-ɗari, tawa ta gagare ni. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka a kan sallaya, na ce ya Rabbi ko alhakin wani ne? Sai da na ajiye littafi gaba ɗaya. Muka dinga tafiya a ƙasa daga gida zuwa shagon babanta a Ƙofar Wambai, ina riƙe da hannunta, muna karanta allunan kan hanya. Mai gyaran waya. Mai ɗinkin hula. Ana sayar da ƙanƙara. Ranar da ta tsaya da kanta a gaban wani bango ta karanto "an hana fitsari a nan," da ƙarfi, a tsakiyar mutane, rungume ta na yi ina hawaye, masu wucewa suna kallona kamar sabon kamu. Alhamdulillahi. Duk wata takardar shaida da na taɓa karɓa ba ta kai min wannan bangon ba.

Yanzu ga ta, shekara sha shida, ta zama bakina a gaban ubana. Kuma da gangan ta yi, na san ta. Ta daɗe tana cewa Umma har yaushe, Umma ki gaya wa Malam mana, Umma tsoron me kike ji. Tsoron me? Ke da kika same shi ya tsufa, yana ɓoye miki dabino a aljihu, ina za ki san tsoron me? Kakanki daban, ubana daban, ko da yake hula ɗaya suke sawa.

Babanta ma bakinsu ɗaya. Shi da yake jera littattafaina a tsakanin ƙullin zare a shago, in mata suka tambaya wace ce Turai Lawal sai ya shafa gemu ya ce wata baiwar Allah ce mai yawan ƙona miya. Zai zo anjima gaida Baba, zai kalle ni ta wutsiyar ido ya danne dariya. Duk sun haɗe min kai.

Saura shafi shida.

Ƙarya ce? Shekara nawa ina juya tambayar nan kamar waina. Ban taɓa fara littafi ba sai na yi alwala na yi raka'a biyu, na ce ya Allah in akwai sharri a ciki ka busar da biron. Bai bushe ba. Huɗu na rubuta, bai bushe ba. Wata mata ta aiko min saƙo daga wani ƙauye ta ce saboda Larai ta mayar da 'yarta makaranta. Wata ta ce ta yi shekara uku ba ta gaida yayarta, ta karanta, ta ɗauki mayafi ta tafi. To wannan in an tambaye ni, ba zan nuna su ba? Amma duk wannan hujjar a cikina take ƙarewa. A gaban aji ni zakanya ce, a gaban Baba sai na koma 'yar sha huɗu mai tulu a ka.

Tsaya, me ya ce? "Kada ki yarda da shi, yarinya, macuci ne!" Larai yake yi wa gargaɗi! Yana buga sanda a ƙasa! Baba, babu Larai fa. Ni na yi ta, da biro, a bayan takardar rajista. Kai da ka ce ƙarya ce, ga ka nan kana neman ceton ta daga hannun wani dillalin cikin labari da shi ma babu shi. Kai, daɗi kashe ni. Ko nan aka tsaya, ko yanzu ladan ya kira magariba aka rufe littafin har abada, na ci riba. Na ji ubana ya damu da mutumin da na ƙirƙira. Wace kyauta ce ta fi wannan?

To a tsaya mana. Na tashi na leƙa na ce lokacin magani ya yi? Biyar saura kwata, ba wanda zai ce na yi ƙarya sosai. Ko na ce Aminat zo ki tuƙa tuwo. Kalma ɗaya, shi ke nan, gobe na ɓatar da littafin na ce ɓera ya ci. Ƙafata ta ƙi. Ashe ina so ya ji. Shekara ashirin da bakwai ina so ya ji abin da yarinyar nan ta ji a kan gadon Inna, ban taɓa samun bakin faɗa ba sai da na ara na Larai.

Jakata ma ga ta nan a buɗe, tun da ja'irar ta yi mata kutse. Mene ne wannan kore a ciki… Innalillahi. Littafin Sa'ida. Sa'ida ta layin baya, mai shiru-shirun nan, da na kama tana rubutu a ƙarƙashin tebur ina tsakiyar darasin insha'i. Na fizge, na ce a ajina kike rubuta shirme? Shirme na ce. Da bakina. Na jefa a jaka na manta, sati biyu ke nan, ban ko buɗe ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Laifi tudu ne, Kulu, kin take naki kina hango na tsoho. Ran Litinin ɗin da zan koma, kafin a buga ƙararrawa, zan kira ta. A'a, ni zan je layin bayan da ƙafata. Zan karanta shi tukuna, duka, na sa mata alama a inda ya yi daɗi.

Shafi biyu. Ɗaya.

Ta shiga. "Babi na tara." Muryarta ta ɗan yi ƙasa, ita ma ta san inda za ta. Ga uban Larai ya ɗaga katifa. Ga shi a tsakar gida. Alƙalami amana ne — wayyo, ko kalma ɗaya ban canza ba, me ya hana ni canzawa? Na canza unguwa, na canza tsawo, na bar maganar yadda ya faɗe ta. Wane irin ɓarawo ne zai sauya riga ya bar fuskarsa a buɗe?

Bai ce tsaya ba. Tun da aka fara babin bai ce tsaya ba ko sau ɗaya. Babu tari, babu sanda. Ga murhu. Ga bango shuɗi yana naɗewa a cikin wuta, na ba shi layi biyar cur, har da yadda tokar ta tashi ta sauka a kan rawaninsa. Na ji daɗin rubuta wurin nan, Allah ya sani, na ji daɗi kamar mai sosa ƙaiƙayi. Yanzu kowace kalma dutse ce a kan ƙirjina. Tsoho ne fa. Ido ɗaya a ɗinke. Me ya kai ni?

Ta kai aya. Shiru. Kurciya a kan katanga, mai gwanjo yana wucewa a lungu, miya tana tafasa ɓul-ɓul, soro shiru. La haula wa la ƙuwwata… ya Allah kada hawaye ya zubo masa, likita ya ce kada ruwa ya taɓa idon. Ya Allah in fushi ne ya sauka a kaina ni kaɗai, yarinyar ba ta da laifi. Tana da shi, amma dai.

Takun silifa. Ga ta a kaina, ido ya yi ja, baki yana rawa tsakanin kuka da dariya. "Umma, aron jan biro. Malam ya ce akwai gyara."

Gyara? Ta zare shi daga yatsuna ta koma. Gyara. Haka yake yi wa ɗalibai in an tarar da kuskuren mai kwafi a tsohon littafi, ba a gogewa, ba a yagewa, sai a ja ɗan layi a rubuta daidai a gefen shafi, don na baya ya amfana. Me zai gyara? Nahawuna? Rawanin? Na manna kunne da bango, ƙasa tana shiga min ɗankwali, ni malamar makaranta mai shekara arba'in da ɗaya.

Ya yi gyaran murya, irin ta darasi, a hankali, yana ba mai rubutu lokaci.

"Ja layi a ƙarƙashin wuta. Kin ja? To rubuta a gefe: ba a ƙona shi ba. Yana cikin adakar ƙarfe, ƙarƙashin gafaka ta uku. Yarinyar kuma ta isa Makka a shafi na hamsin da takwas, mun raka ta. Sa aya." Sai ya ƙara da cewa: "Mukullin yana jikin carbina. Ki ce wa Turai Lawal in ta sauke miya ta zo ta karɓa."

Ba a ƙona…

To ƙaurin fa? Na ji shi, da hancina na ji — Alhamis. Alhamis ce! Ranar da ba karatu, ranar da yake tattara tsofaffin takardun da suka yage masu sunan Allah ya ƙona su a bayan ɗaki don kada a taka. Kowace Alhamis ta duniya yake yi, tun kafin a haife ni. Na sani. Na fi kowa sani, ni nake ɗebo masa tokar. Ban leƙa ba, ban tambaya ba, na kwanta a gado na rubuta ƙarshen labarin da kaina, na riƙe shi shekara ashirin da bakwai, na buga shi, ya shiga gidajen da ban san adadinsu ba. Duk littafin ƙirƙira ne ban ji komai ba, ashe wuri ɗaya da na rantse gaskiya ne, nan ne ƙaryar take.

Mun raka ta. Mun! Shi da wa? Inna, ke ce? Ku biyu kuka zauna kuka bi yarinyata ta cikin rami har Makka, kuka mayar a adaka kuka kulle, kika tafi kabari ba ki ce min uffan ba? Kai, mutanen nan! Dariya ce take zuwa ko kuka, na kasa rabewa. Ya karanta. Har shafi na hamsin da takwas ya karanta, ya riƙe lambar a ka. Tun yaushe ya san Turai? Tun alwalar bakin rijiya? Tun kafin a buɗe bangon? Malamin kirki — lallai, Baba, ashe da saninka!

Taku bakwai ne daga nan zuwa soro. Na yi su sau dubu nawa, da kwanon tuwo, da buta, da maganin ido. Na yi sallama, sai me? Na durƙusa na ce Baba ka yafe min? Na ce na gode? Na ce me ya sa ba ka faɗa ba, shi ma ya ce me ya sa ba ki tambaya ba? Wa zai fara? Takardu sun zube daga cinyata, iska tana wasa da su, arba'in da ɗaya ba a gyara ba, biron ma yana can.

Ya sake gyaran murya. Ƙwayoyin carbi suna ƙara, yana kwance mukullin da hannunsa, a lalube.

Miya… a sauke miya tukuna, ya ce in na sauke miya. Ina tsumman yake? Ina ɗaya takalmin nawa?